Ta yaya ake gane bayanin kayan aikin wakilin AI ya yi kyau ko bai yi ba?

Sabon_Magini: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da sabar MCP (Model Context Protocol, ƙa'idar da ke haɗa wakilin AI, wato manhajar AI mai aiwatar da ayyuka, da kayan aikin da yake kira) mai kayan aiki 14, kowanne da sunansa da bayaninsa da tsarin JSON Schema mai fayyace guraben da ake cikawa. Wakilin yana yawan rikita guda biyu, search_orders da get_order, wani lokacin kuma ya tura kwanan wata a sigar da manhajar ba ta karɓa. Amma in mutum ya karanta bayanan, ba ya ganin aibu. Da wane ma'auni ake auna irin wannan?

Injiniya_01: Wa alaikumus salam. Malam, ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Kai da ka rubuta manhajar ka san abin da ke cikinta, shi ya sa ƙwaƙwalwarka ke cike giɓin da bayanin ya bari. Wakilin kuwa suna da bayani da tsarin shigarwa kaɗai yake gani. Don haka gwaji ne zai raba gardama.

Ka rubuta buƙatu 40 zuwa 50 irin waɗanda mutane ke turowa da gaske, har da masu kuskuren rubutu da masu dunƙulallen zance, kamar "ina odar da na yi makon jiya?" A gaban kowace ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da ya kamata a cika. Ka gudanar da kowace sau 3 zuwa 5, saboda amsar wakili tana sauyawa, dace sau ɗaya ba hujja ba ce. Sannan ka ƙirga abu uku daban-daban: ya zaɓi kayan aikin da ya dace, ya cika gurabe daidai, ya kame hannunsa a inda bai kamata ya kira komai ba. Na ukun nan shi ake yawan mantawa. Ka ware kamar guda 10 waɗanda babu kayan aikin da ya dace da su; ma'aunin Berkeley Function Calling Leaderboard ma yana gwada wannan.

Ka zana teburi, abin da ya kamata a kira a gefe, abin da aka kira a sama. Nan take za ka ga waɗanda ke cin iyakar juna. In ka zo gyara, jimla ɗaya a lokaci ɗaya, ka sake gwajin duka, domin gyaran get_order yana iya janyo masa buƙatun da a da suke tafiya daidai zuwa search_orders. Ka kuma ɓoye wasu buƙatun, kada ka leƙa su sai ƙarshe, in ba haka ba za ka ɗinka bayanin ne daidai jikin gwajinka kawai.

Malama_Schema: Na yarda da Injiniya. Rikicin nan yakan fito ne daga rashin faɗin lokacin da ba a amfani da abu. "Yana kawo bayanan oda" ya dace da duka biyun. Gara a ce: "Yana dawo da oda guda ɗaya ta lambarta. A yi amfani da shi idan an san lambar. Idan ba a sani ba, a fara da search_orders. Ba ya sauya komai." Takardun kamfanin AI na Anthropic ma sun ba da shawarar aƙalla jimla 3 zuwa 4 ga kowane bayani.

Batun kwanan wata kuwa, a cikin gurbin ake magance shi: a rubuta ISO 8601 ne, a ba da misali, 2025-03-09. In lokacin Unix ne, wato ƙidayar lokaci tun daga farkon 1970, a faɗi ko daƙiƙa ce mai lamba 10 ko milisakan mai lamba 13; in aka tura daƙiƙa inda ake jiran milisakan, sai ka tsinci kanka a Janairun 1970. Gurbin da zaɓinsa ƙayyadadde ne a sa masa enum, wato jerin zaɓin da aka yarda da su, na dole a sa shi cikin jerin required, in ba haka ba wakilin zai tsallake shi ko ya ƙago abin da babu. Saƙon kuskure ma a auna shi: "400" kawai ba ya koya wa wakili komai, amma in an gaya masa sigar da ake so, yakan gyara a kira na biyu.

Sabon_Magini: Na gode Malama. To tsawon bayanin fa, ba ya yin yawa?

Mai_Tsaro: Yana yi. Bayanan duka 14 suna shiga kowace buƙata, tokin ɗinsu (gutsattsarin rubutun da AI ke karantawa) kuma ana ƙirgawa, kamfanin OpenAI ma ta tsayar da bayanin aiki ɗaya a haruffa 1024. Jimlar da ka cire kuma makin gwaji bai motsa ba, ba ta da aiki a wurin.

Ɗan'uwa, ka duba wani ɓangaren kuma. Tun sigar MCP ta Maris 2025 akwai alamomi irin su readOnlyHint (kayan aikin karatu kawai yake yi) da destructiveHint (yana iya goge ko ɓata abu). Ka tabbata wanda ke goge abu bai ce karatu kawai yake yi ba. In sabar ta wani ce, ka karanta bayanin gaba ɗaya yadda wakilin ke karɓarsa, ba guntun da allo ke nunawa ba. A Afrilun 2025 masu binciken tsaro na Invariant Labs sun nuna yadda ake ɓoye umarni cikin bayani har wakili ya karanto fayilolin sirri ya tura waje. Ka ajiye kwafin bayanan da ka amince da su, duk lokacin da sabar ta sabunta ka kwatanta kafin ka bar wakilin ya ci gaba da aiki da ita.