Me ya ci mayaƙan Salibiyya a Adiriyanobul a 1205?

Ɗalibin_Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min rai. A Afrilun 1204 mayaƙan Salibiyya suka ci Kustantiniyya (Istanbul ta yau) da yaƙi, birnin da ganuwarsa ta gagari rundunoni shekaru aru-aru. Shekara guda kacal bayan haka, ranar 14 ga Afrilu 1205, sai ga Kaloyan, sarkin Bulgeriya, ya ragargaje su a Adiriyanobul, wato Edirne ta Turkiyya a yau, har ya kama sarkinsu Baldwin da rai. Mutanen nan fa ga sulke, ga kwalkwali, ga dogayen masu. Me ya ci su?

Mai_Kwari:
Wa'alaikumus salam. Kumanawa ne suka ci su, ɗan'uwa, wato wasu makiyaya mahaya dawaki da ke yaƙi a ɓangaren Kaloyan. Villehardouin, wanda yake cikin rundunar Salibiyya kuma ya rubuta tarihin yaƙin, ya ce mahayansu sun kai 14,000 a tare da Kaloyan. Bakansu gajere ne, na itace da ƙaho da jijiya aka manne, ana harbi da shi doki na sukuwa, har mutum ya waiwayo ya sakar wa mai bin sa kibiya. Ba sai kibiya ta huda sulke ba. Doki ake nema. Barde ya faɗo ƙasa da nauyin ƙarfe a jikinsa, tasa ta ƙare.

Dattijo_A:
Malam Mai_Kwari, ban yarda baka kaɗai ba ne. Rashin haƙuri ne ya ci su, kuma nan ne abin yake min ciwo. Ranar 13 Kumanawa sun taɓa su, suka bi su, suka dawo da raunatattun dawaki. Aka zauna aka yi shawara kada kowa ya sake bin su. Washegari Luwis na Bulwa, ɗaya daga cikin jagororin Salibiyya, ya ga Kumanawa sun juya baya, ya saki linzami, Baldwin ya mara masa baya. Sai da dawakinsu suka gaji, sahu ya tarwatse, sannan masu gudun suka juyo. A nan aka kashe Luwis.

Rumawan Kustantiniyya sun san darajar waɗannan mahaya tun da daɗewa. Da taimakonsu ne sarkin Rumawa Aleksiyos Komnenos ya murƙushe wasu makiyayan da ake kira Fecenegawa a Lebuniyon a 1091.

Ɗalibin_Tarihi:
Allah Ya saka da alheri, Baba. Ashe sun ɗanɗana tarkon tun ranar 13. To shi Baldwin fa, an fanshe shi?

Dattijo_A:
Ina! Tarnobo, babban birnin Bulgeriya a lokacin, aka kai shi, can ya mutu a tsare. Ƙanensa Henri ne ya gaji sarautar a 1206.