Wace sensa ta dace da yaran da ke haɗa ƙararrawar tsaro?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ɗalibaina 'yan aji shida za su haɗa ƙararrawar tsaro da micro:bit, wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta koyar da yara, su tsara mata umarni a manhajar MakeCode. Wace sensa, wato abin da ke gano motsi ko wani sauyi, ya kamata su fara da ita, kuma da me na'urar za ta sanar idan an taɓa abin da take gadi?

Mai Gyaran Lantarki: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a ɗauki kowace sensa, ki sa kowane rukuni ya faɗi abin da yake so a gano, domin buɗe ƙofa daban, ɗaga akwati daban. Ga ƙofa, na fi son makunnin maganaɗisu: a manna maganaɗisun a jikin ƙofa, makunnin a jikin bango, a haɗa wayoyinsa da P0 da GND, wuraren jona waya a bakin micro:bit. Da zarar ƙofa ta buɗe sai layin ya yanke, kuma yaro yana ganin dalili da idonsa. Ga akwati kuwa ba a buƙatar sayen komai, tunda micro:bit tana da sensar motsi a cikinta.

Malamin Kwamfuta: Na yarda da Malam, amma yara za su nemi sensar PIR, wadda ke gano zafin jikin mutum idan ya gitta. Ki sani cewa irin HC-SR501 tana son wutar bolt 5, alhali batura biyu na micro:bit bolt 3 suke bayarwa, sannan tana ɗaukar kusan minti ɗaya kafin ta daidaita. A aji mai cike da yara masu kai-komo za ta yi ta kunnuwa, har su zaci umarninsu ne ya lalace.

Malamar Kimiyya: Na gode ƙwarai. To, batun sanarwar fa?

Malamin Kwamfuta: Su fara gwaji da fitilu 25 da ke fuskar allon micro:bit, sai an tabbatar sensar tana aiki a ƙara sauti. Samfurin V2 na 2020 yana da lasifika, tsohon kuwa sai an jona masa. Ki tambaye su kuma yadda kurma ko wanda ke wani ɗaki zai samu labari. A nan ne za su ga amfanin haske, da aika saƙo ta rediyo zuwa micro:bit ta biyu. Kada su manta da ware maɓallin A don kashe ƙarar.