Bafa 64 ko 256: gardamar masu studiyo

Sabon shiga: Salamu alaikum manya. Ni fa a ganina duk studiyon da ba ya ɗaukar murya a bafa 64, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke tara samfur 64 na sauti kafin ta sarrafa su, direban sautinsa, manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'urar sauti, na banza ne. Ƙaramin bafa, ƙaramin jinkiri, shi ke nan.

Ogan studiyo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ɗauko biro. Idan na'urar sauti na ɗaukar samfur 48,000, wato 'yan gutsattsarin sauti, a sakan, bafa 64 milisakan 1.3 ne, 256 kuwa 5.3. Sauti a iska yana cin kusan santimita 34 a milisakan ɗaya. Ka ga duk hayaniyar nan a kan tazarar da ba ta kai mita ɗaya da rabi ba ce.

Mawaƙiya: Oga, a yi haƙuri, lissafin nan na zuwa ne kawai, ban da dawowa. Murya sai ta shiga ta fito, ninki biyu ke nan. Ni kuma ina jin muryata ta ƙashin kaina kafin ta iso hedifon. In suka saɓa, sai na ji kamar a cikin randa nake waƙa.

Ogan studiyo: Da gaskiyarki. Shi ya sa na'urorin ke da maɓallin saurare kai tsaye, murya ta koma kunne ba tare da ta bi ta kwamfuta ba.

Mawaƙiya: Busasshiya ƙayau, ba amsa-kuwwa. Wa zai yi waƙa da wannan?

Mai gyaran kwamfuta: Ku bar ni da yaron nan. A bafa 64, sau 750 a sakan kwamfuta za ta cika bafa ta miƙa. Ta makara sau ɗaya tak, ka ji "ƙas" a tsakiyar baiti. Kuma sau da yawa direban sauti bai ci ba bai sha ba. Direban Wi-Fi ne ko na hoto ya riƙe kwamfutar. Ka sauke manhajar LatencyMon, za ta nuna maka mai laifin. Ga kuma tamu ta gida: Nepa ta ɗauke, kwamfuta ta koma kan batir, ta rage gudu don tattali.

Sabon shiga: Ai direban ASIO4ALL nake amfani da shi, Malam.

Mai gyaran kwamfuta: Ashe! ASIO ɗin asali, wato tsarin direban sauti, kamfanin Steinberg ne ya fito da shi a 1997, don sauti ya kauce wa mahaɗar Windows. Naka riga ce aka ɗora wa direban Windows ɗin. In na'urarka na da nata direban, sa shi.

Mai sautin fim: Kowa na ta jinkiri, ba wanda ya taɓo daidaiton lokaci. Na taɓa samun wani direba da yake faɗa wa manhaja jinkirin da ba shi ne na gaskiya ba, duk muryar da na ɗauka sai ta zauna bayan kiɗa. Sai da na haɗa waya daga mafita zuwa mashiga na auna da kaina. Sannan in ka haɗa makirfon USB da wata na'urar, kowanne da agogonsa. Ko da kashi 50 cikin miliyan suka saɓa, a awa ɗaya milisakan 180 ne. Leɓe daban, magana daban.

Sabon shiga: To na gwada 128 yanzu, Wi-Fi a kashe. Minti goma ba "ƙas". Amma ban janye ba fa.

Mawaƙiya: Kar ka janye. Oga, gobe 128 za ka sa mini, da amsa-kuwwata.