Wasan Kuran Daga da aka maido: wace rana ta fi, kuma ina za a zauna?

Maman Nana: Salamu alaikum ƴan zaure. Don Allah waɗanda suka je wasan kwaikwayon nan na Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ku ba ni shawara. Tun da Baba ya ji a rediyo an maido shi ya tasa ni gaba, wai sai ya gani kafin a rufe. Ga ƙafarsa ba ƙwari, ba ya iya doguwar tsayuwa. Juma'a za mu ko Asabar? Kuma tikitin dala ɗari ya isa, ko sai na jika?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Asabar.

Mai Shayi: Juma'a dai. Asabar ranar rufewa ce, ko allura ba za ta samu wurin faɗuwa ba.

Abban Sadiya: Maman Nana, in da tsoho za ki, ki karanta wannan har ƙarshe, don ni daren farko na je kuma na ji a jikina. Sun ce ƙarfe takwas. Muka yi isha'i a gurguje, ni da maiɗakina da yara biyu, muka isa takwas saura kwata. Ƙofa ɗaya tak aka buɗe. Mai tikitin jika, da mai na dala ɗari, da wanda bai da ko dala yana jiran a sheƙa ya kutsa, duk layi ɗaya, in ma za a kira abin nan layi. A wurin turereniyar takalmin Sadiya ƙafa ɗaya ya tafi, har yau bai dawo ba. Da muka shiga sai ga igiya an kewaye layuka uku na gaba, wai na manyan baƙi ne. Mu masu jika aka tura mu gefe, dab da lasifika. Manyan baƙin ba su zo ba sai tara da rabi, kuma ba a fara ba sai da suka zauna, aka gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunaye da muƙamai. Wajen goma saura aka buga tambari.

Gaskiya buɗewar ta yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Dogarai da jan kaya, masu kakaki biyu a kan katanga, ƴan rawa sun cika dandamali har wasu na sauka ƙasa. Amma abin maganar Sarki, minti biyu yana aiki minti uku ya mutu. Sai ka ga Sarki yana ɗaga hannu, bakinsa na motsi, fadawa na cewa "gaskiya ne, ranka ya daɗe", kai kuwa ba ka san me ya zama gaskiya ba. Lasifikar da ke kusa da mu kuma ƙugi take kamar injin niƙa. Ƙaramin ya toshe kunne ya kama kuka.

Sannan aka zo yaƙin Tirmini da Faransawa, wurin da kowa ya biya kuɗinsa dominsa. An jera mayaƙa, an turo igwa, an cika bindigogin gargajiya, sai ɗif, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Aka ce a tada gurup, ashe babu mai a ciki, sai lokacin aka aiki yaro da galan bisa babur. Mun fi minti ashirin a duhu, ga sanyi, ga ƙura. Ni dai na kwashi iyalina muka fito, kabu-kabu ya ninka mana kuɗi don ya ga dare da yara. Jika huɗu na tikiti, takalmi, da mura ta kwana uku. Ki yi lissafi da kanki.

Ɗan Kabu-kabu: Kuran biyu aka kashe ke nan a daren, na Daga da na waya 😂

Mai Shayi: Kai dai ka fara amsa maganar ninka kuɗi tukuna.

Ɗan Kabu-kabu: Ba ni ba ne wallahi. Amma sha ɗaya na dare, mutum huɗu, har Garin Malam? Ku ji tsoron Allah ku ma.

Uwar Biyu: Abban Sadiya ka yi gaggawar fita. Ni ma ina wurin a daren. Bayan tafiyarku kaɗan mai algaita ya ci gaba da busa a cikin duhun, shi kaɗai. Sai wata tsohuwa a bayanmu ta ɗauki waƙar fita yaƙi, muryarta na rawa. Kafin ka ce me, tsofaffin wurin duk sun karɓa, matasa suka kunna fitilun waya suna haska dandamali. Ƴan wasan da suka ga haka ba su jira gurup ba, suka yi yaƙin a hasken waya, ba lasifika ba komai, kuma a lokacin ne ma muka fara jin muryar Sarki sosai. Da ya faɗi, wurin ya yi tsit, har kukan jariri kake ji daga can ƙarshe. Tsigar jikina ta tashi. Da wutar ta dawo wasu har tsaki suka yi.

Abban Sadiya: To ai sai su rubuta a jikin tikiti: a zo da caji a waya.

Mushe Mai Ritaya: Ni ba sono ne ya dame ni ba, tarihin ne. Na je ranar Lahadi, wuta ba ta ɗauke ba, na ji komai, kuma da ma ban ji wasu ba. Sun sa Voulet, hafsan sojan Faransa, a Tirmini yana zare ido yana ba da umarni. Voulet bai taɓa taka Damagaram ba. Shi da Chanoine sojojinsu ne suka kashe su a watan Yuli na 1899, can ƙasar Tasawa, kwanaki kaɗan bayan Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb. Kaburburansu suna Maijirgi, duk mai bin hanyar Maraɗi zai iya tsayawa ya gani. Ragowar rundunar ce ta ƙaraso, su Pallier da Joalland da Meynier, aka gwabza a Tirmini ƙarshen watan nan, suka shiga Birni. Kuma Sarki Amadu bai faɗi a filin Tirmini ba kamar yadda aka nuna. Ya fita, aka bi sawunsa, sai a watan Satumba aka kashe shi. Yaran da suka cika wurin nan gobe haka za su rubuta a jarrabawa.

Ɗan Birni: Mushe wasa ne fa, ba lakkol ba.

Mushe Mai Ritaya: Na sani, ɗana. Amma in za ka ara, ka ari abin da ba zai rushe gidan ba. Igwar ma sun nuna kamar Kuran Daga ne ya fara sa a ƙera ta. Tun zamanin Sarki Tanimun ake zubin igwa a garin nan, shi ne kuma ya kewaye Birni da ganuwa, ya rasu a 1884. Kuran Daga a 1893 ya hau. Inda suka kyauta, kuma na yaba, shi ne zancen Kazamaju, kyaftin ɗin Faransa da aka kashe a garin nan. Ba su mai da shi kisan banza ba. Sun nuna fada ta rabu biyu a kansa, ana tsoron wucewa zai yi ya haɗa kai da Rabe wanda ya riga ya ci Barno. Abin da ya sa aka kashe shi da tafintansa a watan Mayu na 1898 ke nan, kuma shi ya jawo na 1899.

Mai Shayi: Kazamajun nan dai ya sha wuya ranar da na je. An shafe masa fuska da farar ƙasa, zufa ta tsattsaga ta kamar taswira. Yana fitowa aka fara masa ihu, wani yaro ya jefe shi da ledar ruwa, ta fashe a hular. Bawan Allah tela ne fa a wajen kasuwar Dole, shi ya ɗinka min kayan sallah. Da aka jefa shi rijiya, ai tano ne aka lulluɓe da tabarma, ƙafafunsa a waje suna reto, mutane na tafi suna cewa a ƙara.

Uwar Biyu: Wannan jifan bai dace ba gaskiya. Iyaye ku riƙa kama yaranku.

Bakano a Zango: Ni tambayata ɗaya. Sun nuna yadda Sarkin naku ya kai yaƙi ƙasar Kano zamanin Alu, ya komo bai shiga birni ba? Ko nan ma kuran ya ɗauke?

Ɗan Birni: Sun nuna inda Kanawa suka rufe ƙofofi suna leƙe ta saman ganuwa.

Bakano a Zango: Leƙen da muka yi ai lissafin abin da za mu sayar muku muke in kun gaji.

Ɗan Birni: Shi ya sa har yau kana Zango kana sayar mana da atamfa, ba mu kore ka ba.

Mai Zaure: Ku biyun nan kullum. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Hajiya Inna: Ƴata Maman Nana, jikata ce ke rubuta min, ni nake faɗa. Ni na yi rawa a wasan nan ina budurwa, zamanin Samariya, lokacin Kunce. Bikin matasa na ƙasa ma na farko a nan Damagaram aka yi shi, 1976, garin nan ya cika ya batse da ƴan Tawa da Dosso da Agadas. A lokacin ba mu san wani abin maƙalawa a kunne ba. Wanda ya yi mana Sarki in ya yi gyaran murya na bayan katanga sai ya ji. Wata uku muna koyo, kullum bayan la'asar, mai koya mana da tsumagiya a hannu, in ƙafarki ta saɓa da ganga ki ji a ƙwauri. Zannuwanmu saƙi ne, na uwayenmu muka aro.

Na je na yanzu sau biyu. Yaran sun yi ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka, yarinyar da ta yi waƙar matan da aka bari a gida ta fi wadda ta yi a zamaninmu, Allah ya jiƙanta, ba zan ɓoye ba. Amma sun sa piyano a ƙarƙashin waƙar fita yaƙi, sun kuma gaggauta ta kamar ana kiɗan biki. Waƙar nan tafiyar doki ce mai ɗauke da lifidi, a hankali take. Sannan sun yanke baiti biyu na ƙarshe, inda ake kiran garuruwa ɗaya-ɗaya, Mirya, Wacha, Dungas, kowa ya ji an ambaci nasu ya yi guɗa. Wai don lokaci. Lokacin da aka ɓata wajen gaishe da manyan baƙi ya isa a kira garuruwan har a maimaita.

Ki kai mahaifinki. Mu da muka san waƙoƙin nan ba mu da yawa yanzu. Ki zaunar da shi hannun hagu, kusa da makaɗa, nan ne algaita ke zuwa kunne kai tsaye ba ta cikin na'ura ba. Ki tafi da matashi don kujerun roba ne, da bargo, da hula mai rufe kunne.

Uwar Biyu: Inna ashe ke ce! Ko ke ce kika ɗauki waƙar a duhu?

Hajiya Inna: Ba ni ba ce, daren farko ina gida da ciwon gwiwa. Amma na san ko wace ce, layinmu ɗaya a rawa. Ta riga ta kira ni ta ba ni labari sau uku.

Mai Shayi: Allah ya ƙara lafiya Inna. Ku ne kuka ga zamanin su Yazi Dogo a tele, mu sai labari.

Abban Sadiya: Hannun hagu fa nan ne hayaƙin bindiga ke bi in iska ta taso. In Baba yana da tari ko asma a yi hattara. Kuma dokin nan da suke shigowa da shi, a daren farko da aka buga tambari sai da ya ja da baya ya ture kujeru biyu.

Ɗan Birni: An daina shigo da dokin tun ranar Talata. Yanzu a bakin ƙofa yake tsayawa a ɗauki hoto da shi, dala ashirin.

Bakano a Zango: Ka ga dokin ma ya koyi kasuwanci. Ba Bakano ba ne kuwa?

Mushe Mai Ritaya: Wani abu kuma da na manta. A jawabin rufewa mai gabatarwa ya ce daga faɗuwar Kuran Daga sai aka ɗauke babban birni aka kai Yamai. Ba haka ba ne. Zinder ta riƙe hedkwata daga 1911 har 1926, sannan aka mayar Yamai. Na same shi bayan an tashi na gaya masa, ya ce zai gyara. Wanda ya je bayan Lahadi ya faɗa min ko ya gyara.

Uwar Biyu: Ranar Laraba dai bai yi jawabin ba sam, mutane sun riga sun miƙe suna waƙa, ba wanda zai ji shi.

Ɗan Kabu-kabu: Mai son a ɗauke shi bayan an tashi ya yi min magana tun da rana. Tsoho kuma a nemo masa adaidaita, kada a ɗora shi bisa babur cikin sanyin nan.

Maman Nana: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Inna na ji, hagu, matashi, bargo. Na karanta wa Baba saƙonki, ya ce a tambaye ki ko ke ce mai tsayawa ta biyu daga dama a rawar matan, wai in ke ce ya san ki. Amma har yanzu ba a ce min ba, Juma'a ko Asabar? Kuma na jikan ko na dala ɗari?

Ɗan Birni: Asabar na ce.

Mai Shayi: Juma'a.

Hajiya Inna: Ta uku nake, ba ta biyu ba. Ta biyun ita ce mai waƙa a duhu. Ki ce masa Asabar za ta koma.

Abban Sadiya: Duk wanda ya je, don Allah ya duba min bakin ƙofa. Takalmin yarinya ne, ja, ƙafar hagu.