Abin da Masu Lambu Suka Ce Kan Matsalolin Kabewar Turawa

Masu lambun bayan gida a Zariya sun tattauna kan kabewar Turawa, wato zukini. Kukan da ya fi yawa shi ne 'ya'yan su fito kamar yatsa, su yi rawaya, su ruɓe. Masana suka ce galibi rashin barbara ne, wato garin furen namiji bai kai ga furen mace ba. Furen mace yana da ɗan ƙullutu a gindinsa, na namiji kuwa siririn kara kawai gare shi. Da sassafe, kafin furen ya rufe, a tsinko namijin, a cire ganyen furen, a goga garin a tsakiyar macen. Feshin magani kuma a bari sai yamma, don kada a kashe ƙudan zuma, su ne ke yin wannan aikin.

Ruwan Agusta yana ruɓar da saiwa, saboda haka a ɗaga kunya sosai, a bar tazarar santimita 90 tsakanin shuka. Da rani a riƙa ban ruwa a gindi, a kan kari. Yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa bakin ɗan ya yi baƙi.

Ganyen da ya yi fari kamar an barbaɗa gari, a yanke shi a fitar daga lambun. A tsinki 'ya'yan suna santimita 15 zuwa 20. In an bar su suka ƙosa, uwar takan rage haihuwa.