Wai NNS Aradu: da gaske jirgi ne na a zo a gani, ko cika bakin tsofaffi ne?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina kwashe kayan marigayi kawuna na ci karo da wani tsohon hoto. Yana tsaye a bakin ruwa a Apapa, bayansa ga wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi mai lamba F89, a bayan hoton kuma ya rubuta "Aradu" da biro. Tun muna yara yake kurara mana jirgin nan, wai duk Afirka ta Yamma ba kamarsa. To masana, ina gaskiyar take? Kuma yanzu ina jirgin ya shige?

Injiniya Na Kakuri:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu, bai yi maka ƙarya ba. Kamfanin Blohm+Voss na birnin Hamburg a Jamus ta Yamma ne ya ƙera shi, aka saka shi ruwa a 1980, ya fara aiki da sojojin ruwan Najeriya a 1982. Sunansa na farko Republic, daga baya aka raɗa masa Aradu. Tsawonsa ya haura mita 125.

Abin da ni yake burge ni shi ne ƙirarsa. Shi ne na farko a duniya da aka yi da tsarin MEKO, wato kowace igwa da kowace na'urar hango abokan gaba tana cikin akwatinta, a sauke ta cikin ramin da aka tanada a jikin jirgin. In ta tsufa, a ɗaga ta a sa sabuwa, ba sai an farke jirgi ba. Injinansa iri biyu ne: na dizal don tafiyar yau da kullum, da injin Rolls-Royce Olympus, irin na jirgin sama, in ana son gudu, har ya kai kusan kilomita 56 a awa.

Mai Shayi:
Injiniya ka manta da haƙoran! Makamai masu linzami na Otomat guda 8 don harbin jiragen ruwa, ƙirar haɗin gwiwar Italiya da Faransa, da Aspide na kakkaɓo jiragen sama ƙirar Italiya, ga igwa mai bakin milimita 127 a gaba, ga filin saukar jirgi mai saukar ungulu samfurin Lynx a baya. Ajantina ma ta sayi irinsa guda 4.

Injiniya Na Kakuri:
Haka ne, Mai Shayi. Sai dai ɗan'uwa, abin takaicin ke nan: jirgin da aka yi don a riƙa canza masa kaya cikin sauƙi, shi ne ya fi daɗewa a ɗaure yana jiran gyara. A 1987 kaɗai sau biyu yana kafewa a ƙasa, ya kuma yi karo. Duk da haka an lallaɓa shi ya je Ingila a 2005 bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar, a 2007 kuma ya ƙetare teku zuwa Burazil. A 2023 aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya kwangilar farfaɗo da shi.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Injiniya. Ashe mun riƙa yi wa tsoho dariya a banza. Gobe zan kai hoton Sabon Gari a sa masa gilashi.