Jariri mai yawan amai: sikanin ko eksire?

Maman Ilham: Salamu alaikum likitoci. Jaririn sati biyar da ke feso amai bayan kowane shan nono, wane hoto ya dace?

Likitan Yara: Wa alaikumus salam Hajiya. Sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu (ultrasound), domin babu tururin da ke cikin eksire. Ana duba tsokar mafitar tumbi: in kaurinta ya kai milimita 3, tsawon ya kai 15, to ta toshe hanya, sai tiyata. Kafin nan a gyara ruwa da gishirin jikinsa.

Mai Hoto: Haka ne. Iska a tumbi kan ɓoye wajen, sai a kwantar da shi ta dama, a ba shi ɗan ruwan sukari. Mai gaggawa yakan auna tsokar a karkace, ta fito da kauri alhali lafiya lau take.

Likitan Yara: Amma fa a duba launin aman. In kore ne, hanji na iya murɗewa. Asibiti nan take, ko tsakar dare ne, a ba shi ruwan da ke fitowa a eksire a bi tafiyarsa.